Tubalin Zaurenmu a Allon Mai Zane

Abin da na fara gani da na shigo layinmu daga makaranta shi ne kusurwar zaurenmu a ɓalle. Katafila ta taɓa ta da safe, yaɓen ya zube, tubalan ciki sun fito fili, kowanne a zaune kan gindinsa, tsininsa na kallon sama. Kakana ne ya jera su. Wannan rusau ya zo ne a shekarar da soja suka miƙa mulki, sabuwar gwamnati ta ce za a faɗaɗa titin Ƙofar Kwaya, aka ba mu kwana uku.

Can tsallaken titi, ƙarƙashin itacen bedi, wani dattijo na tsaye gaban allo mai ƙafa uku. A unguwa an ce a Zariya ya yi karatun zane, ya shekara da shekaru yana zana manyan soja don bangon ofisoshi. Da suka tafi sai ya rantse ba zai ƙara zana mai mulki ba. Ya koma bin wuraren gini: leburori, tulin yashi, rodi, gidajen da ake rushewa. Har Legas ake kai aikinsa.

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Na raɓa ta bayansa, na leƙa. Ga katafilar, ga direbanta da tawul a wuya, ga zaurenmu. Amma inda bangon ya ɓalle, bulo ya zana, mai kusurwa huɗu, a kwance, irin na siminti. Daga nesa yake kallo, hannunsa kuma ya saba da zana bulo.

Babana magini ne, kamar ubansa. Tun da aka shafa wa bangon jan fenti na alamar rusau bai ƙara zama a ƙofar gida ba. Jibi zauren zai tafi. Abin da zai rage shi ne wannan allo, kuma mutanen Legas za su ɗauka da bulo kakana ya yi gini.

"Malam, ba haka yake ba," na ce. Da ƙyar na ji muryata.

Bai juyo ba. "Mi kika ce, ɗiyata?"

"Tubalin. Ba a kwantar da shi. Zaunar da shi ake yi."

Wani lebura da ke shan ruwa a gefe ya fashe da dariya. "To fa! Malam, yau ga sufeto an turo maka, har da jakar littattafai."

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji mai zanen. "Fentin ma ya fara bushewa. Wa zai lura?"

"Ni na lura."

Sai a lokacin ya juyo. Na tsallaka titin, na tono tubali ɗaya daga ɓaraguzan, har da ciyawar da aka kwaɓa shi da ita, na kawo na dire shi kusa da gwangwanayen fentinsa. Tubalin ya ɓata mini farin hijabi, na san zan sha faɗa.

Na ce, "Malam, don Allah ka goge wancan. Ka zo kusa ka zana shi yadda kakana ya jera, kafin jibi."