Ɗakin da Aka Yaye wa Rufi

Mu biyu kakarmu Iya ta rena a Nakkasa, wata unguwar kan tudu a ƙasa mai tsarki, ni da ƙanena Sale, bayan rasuwar iyayenmu. Da an idar da Magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora shayi, mu matso kusa. Yawancin tatsuniyoyinta sun ɓace mini. Labari ɗaya ne ya ƙi barina, wanda ta ce da gaske ya faru. A garin Masawa na bakin teku ta ji shi, a bakin wata Baturiya da ta yi wa wankau lokacin da suke tahowa hajji ta ƙasa.

Wai a zamanin da, Fafaroma, shugaban Kiristoci, ya mutu. Manyan malamansu suka taru a wani gari don zaɓen magaji. Shekara ta wuce, ta biyu ta bi ta, kowa ya kafe a kan nasa. Mutanen garin suka gaji, suka kulle su a gida ɗaya. Shiru. Suka rage musu abinci, sai gurasa da ruwa. Shiru. Daga ƙarshe suka hau suka yaye rufin, rana ta dake su, ruwa ya jiƙa su.

"Sai ga magaji ya samu!" in ji Iya, tana dariya har da tari. "Kun ji ko, mazajen banza? Har gobe kulle su ake yi, sai bakinsu ya zo ɗaya."

Ba ta bar shi a labari ba. Duk ranar da muka yi faɗa da Sale, sai ta tura mu ɗakin kaya da gurasar tamis guda da kofin ruwa, ta ja sakata. "Yalla, maza ku zaɓi Fafaromanku. Ba mai fitowa shi kaɗai." Kafin tamis ɗin ya ƙare mun shirya.

Bayan rasuwarta, muna magidanta, muka saɓa kan wanda zai riƙe gidan. Muka yi wata biyu ba ma gaisawa. Wata la'asar ina ɗakin kayan, Sale ya shigo da tamis a hannu, ya ja sakata ta ciki.

"Yaya, mu yi irin ta Iya."

Na ce masa ni ba yaro ba ne. Na zare sakatar na fice.

Ba a jima ba aka kama shi don ba shi da iƙama, takardar izinin zama, aka kai shi Kano, garin da bai taɓa gani ba. Ya yi ta aiko da gaisuwa, ina cewa gobe zan amsa. A can ya rasu.

Da rusau ya iso layinmu, na hau tudun na je gidan. An riga an kwashe rufin. Na shiga ɗakin kayan na tsaya, rana tana dukan kaina. A nan na gane malaman nan gata aka yi musu, tunda akwai wanda ya tsaya a waje ya hana su watsewa. Mu tamu mai tsaron ƙofar ta riga ta tafi, Sale ya ɗauki aikinta, ni na hana shi.

Na buɗe baki na ce, "Sale, kai ne. Riƙe gidan." Babu gidan, babu Salen. Na daɗe a tsaye kafin na fito, ni kaɗai.