Mutum Huɗu a Kujerar Baya

Na daina tuƙa mota a shekarar da ruwa ya cinye shinkafar gidanmu. Ban ce hayaƙin motata ne ya sa gulbin Rima ya tumbatsa ba. Ko a jami'a, inda na karanta ilimin muhalli, ba a koya mana abin kai tsaye haka ba. Amma da na tsaya bakin fadama a Argungu na ga ruwa ya shafe gonar da mahaifinmu ya rasu ya bar mana, sai na ji ba zan iya ci gaba da kunna mota don tafiyar da ƙafa ma za ta iya ba. Motar tsohuwa ce, baffana ya ba ni da na samu aiki a Birnin Kebbi. Na lulluɓe ta da tamfol a gidan da nake haya a unguwar Nasarawa, na sayi keke. In zan je gida Argungu, sai in tafi tasha in shiga motar haya.

A ofis an yi ta yi mini tsiya. In na shigo da gumi sai wani ya ce, "Ku ba shi ruwa, mai ceton duniya ya iso." Ban damu sosai ba. Ina jin har wani ɗan daɗi nake ji a ɓoye.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina zaune a gabanta za ta juya ta ce wa ƙanwata, "Tambayi yayanki ko ya ci abinci." Haka muka tashi, ban kuma taɓa ɗaukar hakan rashin so ba.

Da ciwon suga ya fara taɓa wa Inna ido, likita a Birnin Kebbi ya ce a riƙa kawo ta kowane wata, kada a yi fashi. Na tuna na je har gaban motar, na ɗaga gefen tamfol, na sake shi. Lissafin da na yi shi ne, motar haya za ta yi tafiyarta ko da mu ko ba mu, tawa kuwa ƙarin hayaƙi ne. Na kuma ji tsoron in na buɗe ta sau ɗaya, gobe zan samu wani uzurin. Sai na tsara in riƙa zuwa Argungu da sassafe in ɗauko ta, mu dawo da yamma. Ƙanwata ta ce za ta bi mu, na ce ba sai ta bar girki da yara ba.

Duk wanda ya san tasha ya san mota ba ta tashi sai ta cika. Direba zai yi ta kiran "Saura mutum guda!" har rana ta ɗaga. A baya mutum huɗu ake zubawa. Ranar farko wani ɗan kasuwa mai jiki ya shigo kusa da ni, direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, matsa kaɗan, wanga Alhaji shi kaɗai rabin mota ne."

Mutumin ya ce, "Kai tahi can, motarka ce gwangwani."

Kowa ya yi dariya ban da Inna. Tana manne da ƙofa, hannunta cikin hijabi. Na sayi ruwa na miƙa mata.

"Inna, ga ruwa."

Ta girgiza kai.

Na lura leɓenta a bushe yake. Na ce wataƙila azumin nafila take yi, ban tambaya ba.

Sau uku muka yi tafiyar. A ta ukun, kan hanyar dawowa, an daɗe ana jiran fasinja, sannan direba ya tsaya shan mai. Da muka isa Argungu kowa ya fita, Inna ba ta motsa ba. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "A je a samo abin hawa." Na tafi. Da na waiwayo sai na ga ta fito tana jan hijabinta ƙasa, ta tsaya da bayanta jikin bango. Direban nan mai surutu ya leƙa kujerar, ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗauko tsumma. Na gani da idona. Har yau ban san ko ban gane ba ne, ko ban so in gane ba.

Da wata ya zagayo sai ƙanwata ta kira ni ta ce, Inna ta ce idon ya yi sauƙi, ba sai an koma ba. Na tambaya sau biyu, aka ba ni amsa iri ɗaya. Ya kamata in matsa. Gaskiya ita ce na ji sauƙi a raina, domin tafiyar tana cinye mini yini guda.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata Asabar ina zaune a tsakar gida, Inna ta ɗauko ludayi za ta zuba mini kunu, sai ta zuba shi gefen kofin, a kan tabarma. Ta ci gaba da zubawa har sai da ɗumin ya taɓa ƙafarta. Ƙanwata ta karɓi ludayin, ta yi mini alama da ido, muka fita zaure.

Ta ce, "Yaya, kai da karatunka duka, ba ka san mi ciwon suga ka sa mutum ba?"

Na ce na sani.

"To ka san ba ta awa guda ba ta zagaya ba. Cikin mota cike da maza, wa za ta ce ma ya tsaya? Tun jajibirin tahiya take barin shan ruwa. Ranar ƙarshe duk da haka abin ya ƙwace mata."

"Me ya hana ta faɗa mini?"

"Kai? Matar da ko sunanka ba ta kira?"

"Ke fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Rantsar da ni ta yi. Ta ce in yayanki ya ji, da wane ido za ta zauna gabanshi."

Washegari na koma Birnin Kebbi na yaye tamfol. Batir ya mutu, tayoyi biyu sun kwanta, sai da bakanike ya yini a kanta. Ranar Talata na ɗauko Inna da ƙanwata. Likitan ya daɗe yana haska wa Inna ido, sannan ya ajiye fitilar ya tambaye ni me ya sa muka daina zuwa. Na buɗe baki zan ce laifina ne, Inna ta riga ni. Shi ta fuskanta, ta ce, "Ni na ce na warke." Ya ce idon hagu ya riga ya tafi. Na dama, in an kiyaye, ana sa rai.

Na sha tambayar kaina ko motar kaɗai da ta isa. Wataƙila ko a tawa ba za ta ce in tsaya ba. Amma da ƙanwata ta samu wuri a ciki, ita kuwa Inna za ta iya raɗa mata. Har yanzu da keke nake zuwa aiki, in ni kaɗai ne tasha nake zuwa, ban kuma ga cewa hakan kuskure ne ba. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne, na yi lissafin hayaƙi dalla-dalla, ban tambayi kowa a gidan yadda tafiyar take yi wa Inna ba.

Yanzu kowane wata nakan kai su. A rabin hanya akwai gidan wata 'yar'uwar Inna, nan nake tsayawa in ce inji ya yi zafi, in buɗe gaban mota in ba su baya har su shiga su fito. Ba wanda ya taɓa cewa komai. A zuwanmu na baya likita ya rufe mata idon hagu ya ɗaga yatsu, ta ce uku, ya ce daidai. Ya rufe na dama ya sake ɗagawa. Ta jira, sannan ta tambaye shi ko ya fara.