Waya Mai Jan Ƙyalle

Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. In na yi kuka, ki jira ni.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da shagon kwamfuta a jikin zauren gidanmu a Shamaki. Ni ban san ko bihim ba, amma na san shagon, don ni ke share shi. Akwai wani ɗan akwati a kan kanta mai fitilu suna ƙyaftawa, layukan intanet biyu na kamfani biyu suna shiga cikinsa. Ya ce mini in ɗaya ya mutu, akwatin da kansa zai kora saƙonni ta ɗayan, kamar yadda mahaifina ke juya shanu zuwa wata rijiya. Akwai waya ta uku, ta farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufi. Ba ta da sauri, don haka a zare take, a rataye bayan kanta. Ya yagi bakin tsohon zanena ja ya ɗaura mata.

"Ko ba na nan, wannan ce ta ranar wuya," in ji shi.

Na ce, "Malam, ni da tsintsiya ce kawai." Ya yi dariya, amma sai da ya sa na soka ta sau uku da hannuna.

Ranar Litinin ya rasu. Ɗanmu na fari, wanda ba na kama sunansa, yana aikin asibiti a can gabas, inda aka rufe wayoyi saboda tashin hankali. Sai ta kwamfutar asibitin ake samunsa, ita ma ana kashe ta bayan la'asar. Autata ta aika masa. Ya amsa cewa zai taso ranar Alhamis da sassafe.

Ranar Laraba da hantsi maƙwabcinmu direba ya shigo gaisuwa. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, kada kowa naku ya hau hanyar gabas ɗin nan. Jiya tare ta aka yi. Mota huɗu muka taso, ni kaɗai na iso."

Na ce wa auta ta buɗe shago. Ta tada janareta, ta zauna, ta danna, ta sake dannawa. Fitilun akwatin duka ja.

"Inna, babu ko ɗaya."

"Ba biyu ba ne? Babanki ya ce biyu ne."

Ashe an ƙona ƙarfen sabis na bayan gari, kuma kamfanonin nan biyu duk a jikin ƙarfe ɗaya suka rataya kayansu. Shi kansa Malam bai taɓa sani ba. Sauran shagunan unguwa ma haka, kuma sojoji sun rufe hanyar GRA, inda muke sa ran samun intanet.

Aka kira azahar. Auta tana zare wannan tana soka wancan, tana kuka. Ni ina cikin takaba, mata cike da tsakar gida. Na miƙe. Yayar Malam ta riƙe mini mayafi.

"Ina za ki? Kwana biyu da binne shi?"

"Zaure kawai, Yaya. Ban fita gida ba."

Na durƙusa bayan kanta na laluba cikin ƙura har hannuna ya taɓa ƙyallen. Ƙullin Malam ne, irin wanda yake yi wa bakin buhu. Nan na fashe da kuka, ina yi ina neman ramin ƙarshe na akwatin, na soka wayar. Ba abin da ya motsa. Muka zuba ido. Can sai fitila ɗaya ta koma kore.

Auta ta ce, "Me zan ce masa?"

Tun da na haife shi ban taɓa yi masa magana mai taushi a gaban mutane ba, haka aka rene mu. Na ce, "Ki ce inji ni, kada ya taso. Ki ce na binne ɗaya, ba zan iya biyu ba."

Saƙon ya daɗe yana juyi kafin ya tafi. Aka kira la'asar, ba amsa. Na yi salla a nan ƙasan shago. Ina sallamewa auta ta yi ƙara, ta karanto mini: "Na ji, Inna. Na sauke jakata."

Sai bayan wata biyar ya ga kabarin babansa. An sayar da kwamfutocin tuni. Ƙyallen yana ƙarƙashin matashina.