Ranar Litinin a Gado na Tara

Kwanon karin kumallon Malam Isaka fayau yake, amma cokalinsa a bushe, yana nan naɗe cikin ledar da matarsa ta kawo shi. Iklima kaɗai ta lura. Ta kuma ga mutumin gadon kusa yana suɗe yatsu, alhali ba shi da mai kawo masa abinci.

Haka take tun tana ƙarama a unguwar Bukoki, ido ya fi baki aiki. Mahaifinta, mai suna Maman, direban taksi ne, yakan ce in kaya suka ɓata a gida a tambayi Iklima, amma a shirya jiran amsa har la'asar. Da ta ce likita za ta karanta, gwaggonninta suka yi dariya, suka ce marar lafiya zai warke ya tafi gida ba ta gama ce masa sannu ba. Yanzu tana shekara ta biyar a karatun likita. Kullum da sassafe uban yakan tsallakar da ita gada zuwa unguwar Harobanda kafin ya fara ɗaukar fasinja, ta sa farar riga, ta shiga asibitin koyarwa inda take sitaj, wato koyon aiki.

Gadaje huɗu aka ba ta a sashen maza. Aikinta ta tambayi marasa lafiya, ta auna, ta rubuta cikin dosiye, takardun kowane marar lafiya. In Farfesa Jibo, shugaban sashen, ya fito zagayen safe, wurin ɗalibai can baya ne, kuma ba sa magana sai an tambaye su. Sau ɗaya aka taɓa tambayarta, tana shekara ta uku. Ta san amsar sarai, muryar ce ta ƙi fita.

Malam Isaka tela ne a Zongo, ciwon sukari ya kwantar da shi a gado na tara. Kowace safiya ƙarfe bakwai ana yi masa allurar insulin, wadda dole a bi ta da abinci, in ba haka ba sukarin jini ya faɗi. Ranar Alhamis da ta wuce ya sume da hantsi, aka ce allurar ce ta yi yawa, aka rage. Tun daga nan sukarin ya hau ya ƙi sauka.

Iklima ta durƙusa gefen gadon.

"Baba, an tashi lahiya? Ka karya?"

"Alhamdu lillahi, ɗiyata."

"Baba, na ce ka ci abinci?"

Tsohon ya dube ta, ya yi ɗan murmushi. "Yau wace rana?"

"Litinin."

"To."

Litinin da Alhamis. Ashe ba yawan allura ya sumar da shi ba, azumi yake yi.

"Shekara talatin da ɗaya ban sha ko ɗaya ba," ya ce a hankali. "Allura ba ta karya azumi, na tambaya. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Ko uwar ƴaƴana ba ta san ina yi a nan ba. Ki rufa mini asiri, ke ɗiyar mutunci ce."

Ta roƙe shi ya sha ko ruwan sukari, ya ce ta je ta duba na gaba da shi. Lokacin ƙarfe takwas. Allurar tana jikinsa awa guda, cikinsa ba komai.

Sau biyu ta je ƙofar ofishin Majo Hadizatu, shugabar masu jinya, sau biyu ta dawo. Wanda ya haifi kamarka ya ce ka rufa masa asiri, da wane baki za ka tona? Ta ce wa ranta wataƙila tun da an rage allurar ba abin da zai faru. Duk da haka kowane minti goma sai ta wuce ta gaban gadon. Wajen ƙarfe goma ta ga ya ajiye carbi, yatsunsa na rawa, gumi na tsattsafowa a goshinsa ga fanka na juyawa.

Sai ga Farfesa da jerin fararen riguna a bayansa. Ƙaramin likitan sashen ya karanta awon kwana uku. Farfesa ya ce daga gobe a mayar da allurar yadda take da, har a ɗan ƙara. Ayari ya juya zuwa gado na goma.

"Farfesa."

Ba wanda ya ji. Iklima ta sake faɗa, har wasu ɗalibai suka waiwayo.

"Wa ke magana? Madmazel, ɗaga murya, ba a masallaci muke ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta faɗa da Faransanci, idonta na kan takalminta: bai ci komai ba, yana azumin Litinin da Alhamis, abincinsa maƙwabcinsa yake ba wa. Malam Isaka ba ya jin Faransanci, amma ya ga fuskoki sun juyo kansa, ya gane.

Dariyar ta tsaya. Majo ta huda masa yatsa ta auna, ta nuna wa Farfesa awon, ta fita da sauri. Farfesa ya ja kujera ya zauna, ya koma Hausa, irin tasa ta Zabarmawa.

"Malam, ni ma ina sallah. Wanda ya ce ka yi azumi shi ya ce marar lahiya ya sha. In ka faɗi yau, wa zai yi maka na baɗi?"

Majo ta dawo da kofin ruwan sukari. Tsohon ya riƙe shi, ruwan na kaɗawa, ya daɗe bai kai baki ba. Can ya yi bisimilla, ya sha.

Farfesa ya ce kada a ƙara allurar, kuma kada a sake yi masa ita sai an ga yana ci. Sannan ya juyo wurin Iklima.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ƙarfe takwas."

Ya dubi agogonsa. "Goma da rabi. Idonki yana aiki, Madmazel. Amma awa biyu da rabin nan, da ya sume, idonki ba zai tashe shi ba. Irin wannan ba a jiran zagaye."

Da azahar ta koma ta sake auna shi. Sukarin ya daidaita. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya miƙo mata yatsa, fuskarsa na bango. Ta rubuta awon, ta ce sai gobe. Bai juyo ba.

Ta cire farar rigar ta ninke cikin jaka. A bakin ƙofar asibiti ta sayi dambun zogale, ta zauna kan benci ƙarƙashin dogonyaro, ta ci.