Musa Garba Biyu, Kati Ɗaya

Tun safe 'yata Hadiza ke tsaki a gaban kwamfuta. Ta haɗa jerin majinyata da na sakamakon gwaji a rumbun bayanai, sunaye na ta fitowa bibbiyu. Na ce da me ta haɗa su? Ta ce da suna kawai. Na sauke ajiyar zuciya.

A ƙarshen shekarun saba'in ina akawun kati a wani asibiti nan Jos. Dokar shugabarmu Madam Ngozi uku ce: suna ya dace, unguwa ta dace, sannan katin ya zama mai jan hatimin sashen masu tari. Wannan na ukun ba ya canzawa, ko katin waye.

Wata rana layi har bakin titi, na gaji, na duba suna kaɗai. Na liƙa sakamakon tarin fuka a katin Musa Garba, telan Anguwan Rogo da ya zo da ciwon ƙafa. Mai tarin kuwa, Musa Garba makiyayi, aka sallame shi ya koma ruga.

Da Madam ta gano, na ce, "Madam, ai sunan ɗaya ne."

Ta ce, "Huhun ma ɗaya ne? Tashi ka nemo shi."

Kwana huɗu ina bin rugage da kasuwar shanu. Ban same shi ba.

Da na ba Hadiza wannan labarin sai ta ƙara sauran sharuɗɗan Madam biyu, na unguwa da na sashe, nan take jerinta ya daidaita. Ni kam har yau in na ji tsoho na tari sai na waiwaya.

Ku fa, wane ɗan sakaci ne ya ƙi sakinku?