Saniyar da Ta Tafi Sayen Kwamfuta

Kawuna dillalin shanu ne, kuma yana cikin mutanen nan da suka ɗauka duk abin da ke duniya ana iya ɗaga masa leɓe a duba haƙora a yi masa kuɗi. Ya tsufa a kara, wato kasuwar shanu. Ya san watan da bijimi ke tsada, ya san watan da makiyayi ke rabuwa da dabbarsa ido rufe. Wannan ban musa masa ba. Abin da ya sa har gobe in na ji sallamarsa a zaure nake shigewa ɗaki shi ne yadda ya kwashi wannan ilimi nasa ya jibga a kan kwamfutar ƙanena.

Ƙanen nawa ciwo ya taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya, kuma hawa keken haya daga unguwarmu ta Yerimaram zuwa cikin gari kullum ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsa. Amma Allah ya ba shi hannu. Ya koyi zanen taswirar gini a kwamfuta, a shagon wani abokinsa, yana lallaɓawa lokacin da babu masu aiki. Wani injiniya a unguwar Bolewa ya ga zanensa, ya ce masa gine-gine na tashi ne da zarar ruwa ya ɗauke. In ya mallaki kwamfutarsa mai ƙarfi kafin nan, zai riƙa turo masa aikin shaguna da gidaje yana yi daga ɗakinsa. Ranar da ya dawo da wannan labari ko abinci bai iya ci ba.

Ya bincika, ya ce haɗaɗɗiya ta fi ƙarfinmu, amma in aka sayi kayan ciki ɗaya-ɗaya shi zai haɗa da kansa, ta fi araha kuma ta fi ƙarko. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, tana da saniya guda da ta rage mata cikin gadon mahaifinta, ana kiwonta wurin dangi a bayan Nangere. Ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce a sayar.

A gidanmu wanda ya sayar da dabba shi ke riƙe kuɗinta har a tashi amfani da su, kuma wa zai sayar in ba yayan Dada ba? Na ce a damƙa wa yaron kuɗinsa, shi ya san abin da yake nema. Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke da kike zaman jiran albashi, me kika sani a kasuwa?" Dada ta ce, "Bar wa Hamma, ya fi mu sani," don haka take kiran yayan nata. Haka kuɗin suka shige aljihun babbar riga.

Tambayarsa ta farko ita ce, "To yaushe ne kakar kwamfuta?" Ƙanena ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Ba wasa ba ne. A wurin Kawu komai yana da kakarsa: wake, gero, raguna, har mutane. Wanda ya sayi abu ranar da yake bukatarsa kuwa, a ganinsa wawa ne.

Akwatin ya fara saya, wato ƙarfen da ake jera kayan a ciki, saboda shi ya fi cika ido kuma shi ya fi araha. Ya kawo shi da kansa, ya dire a tsakar gida, ya bubbuga gefensa da tafin hannu yadda yake bubbuga cinyar bijimi, ya ce, "Ka ji ƙarfe?" Fanko ne, babu komai a ciki sai iska, amma ranar har maƙwabta sai da aka kira su gani.

Daga nan Kawu ya zama malamin dala. Mutumin da bai taɓa riƙe takardar dala ba, sai ga shi kullum da safe a teburin mai shayi, rediyo a kunne, yana fashin baƙi. In aka ce ta ɗan sauko, sai ya aika wa wani ɗan Kano mai kawo kaya ya sayo abu guda. Da haka aka sayi allon kallo, aka sayi faifan da komai ke hawa kansa, aka sayi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Duk bai kawo mana su ba. Ya jera su a saman kabad ɗinsa cikin kwalayensu, wai kada yaro ya ɓata su da taɓe-taɓe. Yaron da ya san sunan kowace waya a cikinsu ke nan, shi kuwa Kawu ko kunna wayarsa sai jikokinsa sun taya shi.

Ƙanena dai ya ci gaba da shiri. Ya sa kafinta ya yi masa gajeren tebur daidai kujerarsa, yadda zai miƙe ƙafar ba ta dame shi ba. Ya roƙi maƙwabcinmu mai sola aka jawo masa waya guda. Ya ɗora fankon akwatin a kan teburin, kullum da safe sai ya goge shi da tsumma. Nakan wuce ƙofar in kau da kai, don ba na son ya ga idona.

Abu guda ya rage, katin zane, wanda ya fi sauran tsada, kuma in babu shi aikin ba ya tafiya. Shi kuwa farashinsa sai hawa yake. Ƙanena ya je har gida ya durƙusa ya ce, "Kawu, a daure a saya yanzu, kuɗin da suka rage za su isa. In aka jima ba za su isa ba."

Kawu ya ce, "Ni ban taɓa saye kasuwa tana hawa ba. Bari ta gaji ta sauko."

Aka ce bayan Sallah. Sallah ta wuce, aka ce in an yi girbi kuɗi za su koma wurin hatsi, 'yan kwamfuta za su rasa ciniki su karya. Ban san a wace makaranta ya karanta wannan ba. Ruwa ya ɗauke, masu bulo suka fara aiki, injiniya ya yi waya ya sake yi. Ƙarshe ya tako da ƙafarsa har gidanmu, mutumin kirki, ya ga akwati a kan tebur ya leƙa ya ga babu komai. Aka yi rashin sa'a Kawu yana nan. Ya zaunar da baƙo ya yi masa lacca a kan haƙuri da sanin lokaci, har da labarin wani bijimi da ya riƙe shekara guda ya ci ribarsa. Injiniya ya saurara cikin ladabi, ya yi sallama. Bai daɗe ba muka ji ya ɗauki wani.

Ranar na manta da tarbiyya. Na sami Kawu a zaure na faɗa masa cewa yaron nan ba kiwo ya ce a yi masa ba, aiki yake nema, kuma ga shi ya rasa. Ko a jikinsa. Ya ce aiki ai ba ya ƙarewa a duniya, amma kuɗi in suka tafi sun tafi. Dada tana jin mu daga ɗaki, amma ba ta fito ba. Yayanta ne, kuma ita ta ce a bar masa.

Can cikin rani sai Kawu ya gano wani abu da ya faranta masa rai. Kayan da ke saman kabad sun yi tsada fiye da yadda ya saye su. Bai shawarci kowa ba, ya mayar wa ɗan Kano da su ya karɓi riba. Lokacin kuwa ciyawa ta ƙare, makiyaya na zubar da dabbobi da arha. Ya haɗa da ragowar kuɗin ya sayi karsana ja, kyakkyawa, wallahi ta fi wadda aka sayar.

Da la'asar ya shigo da ita, igiya a hannu, yara na biye, yana ta washe baki. "Ga saniyarki ta dawo," ya ce da Dada, "har da canji. Da na biye wa yaran zamani da yanzu ƙarfe kike kallo." Maƙwabta suka taru suna cewa kai, Alhaji ya san kasuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a lissafinsa bai yi ƙarya ba, kuma har yau yana ba da labarin a teburin mai shayi ana jinjina masa.

Dada ta ce, "An gode, Hamma." Ba ta kalli saniyar ba, ƙofar ɗakin ƙanena take kallo.

Kawu ya juya zai tafi, sai ya tuna. Ya ɗaga murya ya ce, "Akwatin nan ma a miƙo mini, akwai mai so." Ƙanena ya ɗauki tsumma ya goge shi kamar kullum, ya rungumo shi da hannu ɗaya, sanda a ɗaya hannun, ya kawo har gabansa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Kawu."

Karsanar ta kwana biyu a gidan kafin a kai ta Nangere, kuma ta yi ta kifar da kwanon dusarta a ƙasa. Ƙanena ya ce mini, "Adda, fitar mata da teburin nan, tsayinsa zai yi mata daidai." Na fitar, ya kuwa yi daidai.