Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Shekaranjiya na bi ta bayan wani buro, wato ofishin gwamnati, na tarar yara sun tsinci mataccen keken rubutu a bola suna ta ƙwanƙwasawa. Wallahi sai na tsaya ina saurare. Kai mai karatu ƙara kawai za ka ji. Ni kuwa sai ga ni ƴar shekara goma a jastis, wato kotun Konni, riƙe da hannun kakata.

Garinmu ƙauye ne wajen Dogarawa, jigawa ce ta gero da wake. Babana shi ne ɗan farin Kaka. A zamaninsu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna wa duniya ta san da zamansa. Ana yaye shi aka kai shi riƙo wurin kawunsa a hayin iyaka, cikin Najeriya. Can ya girma, can ya yi aure, can aka haife ni. Sai da ubansa ya rasu, bayan shekarar yunwa, muka kwaso kaya muka dawo gida.

Gida ɗaya suke zaune, amma ni ce bakinsu. In Kaka ta dama hura, sai ta kwashe mai kaurin ta miƙo mini tana kallon bango. "Ke sarkin surutu, kai ma wancan." Wancan fa! Ƙaton mutum mai gemu. Shi kuma ya sayo goro ranar kasuwa ya ce, "Kai ma tsohuwa." Na daɗe ina zaton gaba suke, sai wata safiya na kama ta a bayan danga tana leƙensa ta tsakanin kara, har ya ɓace a hanyar gona.

Wannan gonar ce ta jawo. Ɗan wan marigayin, wanda ya riƙa noma ta tun kakanmu na jinya, ya ce Baba baƙo ne daga Najeriya, ba ɗan gidan ba ne. Maigari ya yi dariya a gindin gawo ya ce, "Haba! Dubi kunnuwan nan, na marigayi ne sak." Ya ba Baba gonarsa. Amma tun zamanin nasara maganar maigari sulhu ce kawai, hukunci yana birni, cikin harshen da ba mu ji. Mutumin ya kai ƙara Konni. Baba ba shi da takardar haihuwa. Tsofaffin da suka ci naman sunansa, wasu yunwa ta kwashe su, wasu sun watse. Maigari kansa yaro ne lokacin da aka yi haihuwar, kuma aka ce ba a karɓar shaidar ji-na-yi. Shaida ta rage mutum guda.

Bazara ce, iska kamar bakin murhu. Muka hau amalanke zuwa bakin titi, muka shiga mota. Ni aka ɗauka saboda idanun Kaka sun fara rauni. Ba ta taɓa taka buro ba. Abin da ta sani game da irin wannan gini shi ne nan aka shiga da ubanta a ɗaure da igiya, zamanin aikin dole.

Ɗakin cike yake da maza, har da dangin mijinta. Alƙalin saurayi ne cikin baƙar riga, gefensa wani yana buga keken rubutu. Ya yi magana da Faransanci, tafinta ya juyo.

"An ce ki dubi mutumin ga. In ɗanki ne, ki hwaɗi haka, ki hwaɗi sunanshi."

Kaka ta ja lulluɓi ta rufe fuska. Keken rubutu ya tsaya. Na mintsine ta. "Kaka, ki hwaɗi mana!" Ina ganin leɓunanta suna motsi a ƙarƙashin zane, babu abin da ya fito. Na miƙe na ce, "Ɗanta ne!" Wani jandarma ya daka mini tsawa, wai yaro ba shaida ba ne.

Sai alƙalin ya tuɓe tabarau ya yi Hausa da bakinsa, a hankali. "Inna, na san wannan kunya, tawa uwar ma haka take. Amma doka ba ta rubuta shiru. Kalma guda nike so."

Da ƙyar Kaka ta ce, "Allah ya san gaskiya." Tafinta ya juya, aka buga. Alƙali ya buɗe baki zai sake tambaya, Baba ya tashi tsaye.

"Ranka shi daɗe, a bar tsohuwa haka nan. Ba a tozarta ta gabana saboda ƙasa."

Aka bar gona hannun mai noma ta.

Ruwan shuka ya sauka, gari ya watse daji da sungumi, Baba yana zaune ƙofar gida yana gyaran galmar da ba ta da wurin zuwa. Bai iya jurewa ba. Ya ɗaure kayansa zai tafi kudu neman dako. Da safen Kaka ta ba ni ƙullin gari da yaji. "Kai ma wancan." Na kai, na raka shi bakin titi, mota ta tashi.

Ina juyowa na hango Kaka tana gudu, ba takalmi, ba lulluɓi, tana tuntuɓe cikin damshin yashi. Ta tsaya tsakiyar titi ta ƙwala sunansa. Ban taɓa jinsa a bakinta ba sai ranar. Motar ta riga ta sha kwana. Kafin a yanke gero aka aiko mana zazzaɓi ya kashe shi a can, a hannun baƙi.

Yanzu mata na goya ɗan fari su kai shi lakwal, wato makaranta, da kansu, suna kiran sunansa a kan titi, kuma na ji daɗin haka. Ni dai har gobe zuciyata ciwo take, ban ma san wa zan ji wa haushi ba. Alƙalin bai ci hanci ba, Kaka ba ta yi ƙarya ba, kuma har yau ana hukunta tsofaffinmu cikin harshen da ba su ji.

Kaka ta jima a raye bayansa. In baƙo ya shigo gari da biro a aljihu, malamin allura ne ko mai ƙidayar shanu, sai ta lallaɓo ta kama masa hannun riga, ta faɗi sunan a gaban kowa, ta ce, "Ɗana ne, ni na haihe shi. Rubuta."